Rumbun Nomau Mai Baki Biyu

Dalilin da ya sa tsohon rumbun nan na Marken Nomau yake da baki biyu, ɗaya a ka irin na kowane rumbu, ɗaya kuma a kwiɓi daidai ƙugun mace, shi zan gaya muku yau, tunda kun hana kunnena hutawa da tambaya. Kai Sallau, zare hannunka daga ramin nan, ba gidan ɓera ba ne! Ku matso inuwa ku zauna, ku bar masu yaɓe su yi aikinsu. Kun ga shatin hannun can a gefen ramin, yatsu biyar kwance a laka, wanda mai yaɓe yake kewayewa ba ya shafewa? To ku riƙe shi a ranku, za mu zo kansa.

A da can, duk ƙasar nan da kuka buɗe ido kuka gani, daga Unguwar Jatau har Tungar Mantau, daji ne baƙi ƙirin. Babu kasuwa, babu hanya, babu rijiya, sai kura da gwanki. Wani manomi da ake kira Nomau shi ya fara saran dajin. Ya taso daga arewa ne saboda gonar ubansu ta gaji, ko ka zuba mata taki sai ta ba ka kara ba zangarniya. Ya zo da ƙannensa biyu, Jatau da Mantau, da matansu, da tsohuwarsu Iya Hakama. Suka sauka a gindin marken can da ya ba garin nan suna, suka kafa bukkoki, suka shiga sassabe.

Sabuwar ƙasa ce, ba ta taɓa jin hauya ba. Gero ya tashi har mutum a kan jaki ya shige ciki ba a ganin hularsa. Da kaka ta yi suka rasa inda za su kai dammuna, shi ne Nomau ya ce a gina rumbun da zai ci sunansa rumbu. Maza suka gangaro da duwatsu daga tsauni, waɗannan da yake zaune a kansu har gobe, don kada gara da laima su same shi. Mata suka yi ta jidar ruwa daga fadama ana kwaɓa laka da ciyawa. Aka ɗaga shi kaɗan kaɗan, yau a ɗora gobe a bari ya sha iska, har ya fi kowane ɗaki tsawo, aka shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ya yi ƙarfi, aka ɗora masa jinka. A ƙofar gida aka gina shi, nesa kaɗan da ɗakuna, yadda duk mai zuwa shi zai fara gani.

To a wancan zamanin gandu ake yi. Gona ɗaya ce babba, kowa ya yi mata aiki, amfaninta kuma ya shiga rumbu ɗaya a hannun maigida. Ga yadda al'adar take. In an gama zuba hatsin gandu, maigida ya hau tsani ya rufe bakin ya liƙe da laka, ba a ƙara taɓa shi sai ruwan farko ya sauka, kuma hannun da ya rufe shi ne zai buɗe. Kada ku ce mugunta ce, akwai hankali a ciki. Da rani ga suna ga biki ga baƙi, in aka bar rumbu a buɗe kafin damina an side shi, sai lokacin noma ya zo a fita gona da ciki wayam. Saboda haka da rani kowace mace tana ci daga nata ɗan rumbun na zana, wanda aka cika mata da rabonta da abin da ta samu a gayaunarta, 'yar gonarta ta kanta.

Ɗaya dokar kuma ita ce mace ba ta hawa rumbun gandu, ba ta leƙa cikinsa. Maza suka ce wai asirin maigida ne, in ta ga ya cika hannunta zai sake, in ta ga ya yi ƙasa gabanta zai faɗi. Oho dai, su suka faɗa. Amma matan ma sun yarda da abin har cikin ransu, sun ce wadda ta leƙa ta kori albarkar gidan, kuma ita ma sai ta tattara kayanta ta bi bayan albarkar.

Matar Nomau sunanta Tabawa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ta kama taɓarya sai ka ji turmi yana amsawa daga fadama. 'Yarta ɗaya a lokacin, Yalwa, ƙarama ce ko famfara ba ta fara ba. Da yake 'yar fari ce, Tabawa ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta nuna ta san da ita. Tun daga yaye Iya Hakama ta ɗauke yarinyar, ɗaki ɗaya suke kwana, akushi ɗaya suke ci, ba ta kiranta da komai sai ƙawata. Ita ma Iya Hakama haka take da Nomau, don shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In tana son yi masa magana sai ta dubi wani ta ce a gaya wa wannan.

Wata shekara aka yi kaka mai albarka, rumbu ya cika har wuya, na mata ma suka cika. Nomau ya ce tunda abinci ya wadata, su ukun duka su tafi cin rani kudu, ƙetaren babban kogi, su samo ƙarfen garma da gishiri da tufafi. Da ma ɗaya yakan zauna, amma a wannan shekarar ya ce hannu da yawa shi zai fi kawo kaya. Ya hau ya liƙe bakin rumbu, ya sauko, su biyu da Jatau suka ɗaga tsanin suka saƙale shi can sama a reshen marke.

Da safen tafiya ya durƙusa a ƙofar ɗakin uwarsa ya ce, "Iya, za mu kama hanya. Ga gida nan."

Iya Hakama ta dubi Jatau ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ka gaya wa wannan ya dawo kafin ruwa."

Tabawa ta raka Nomau har gindin rumbu tana riƙe da gorar ruwansa. Ta ɗaga kai ta dubi lakar da ya liƙa, ba ta ma gama bushewa ba, ta ce, "Maigida, in wani abu ya taso fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Wane abu kuma? Rumbunanku a cike suke. Ko kwana za ku yi kuna tuƙa tuwo ba za ku cinye ba mu dawo." Ya karɓi gorarsa ya kora jakinsa suka tafi.

Rani ya raba tsakiya ke nan sai wutar daji ta taso daga gabas da rana tsaka, iska na korar ta. Kafin mata su dawo daga fadama da tuluna ta ci danga, ta ci ɗakuna biyu, ta kama rumbunan zana. Zana da kara kuwa me wuta za ta bari? Ƙurmus! Suna tsaye suna salati hatsinsu na rani ya zama toka. Babban rumbu kaɗai ya tsira, jinkarsa ce kawai ta ƙone, shi kuwa yana nan tsaye da baƙin hayaƙi a kafaɗa, cikinsa fal da gero.

Abin da ya rage sai ɗan tsabar da ke cikin tukwane. Aka yi ta lallaɓa shi har ya kusa ƙarewa. Matar Jatau da matar Mantau suka ce su kam za su kwashi 'ya'yansu su tafi gidajen iyayensu kafin maza su dawo. Sun so tafiya da Yalwa, amma tana fama da masassara, ba za ta iya doguwar tafiya a ƙasa ba, su kuma kowace da goyo a baya da wani a hannu. Tabawa ba ta da inda za ta, iyayenta sun rasu. Iya Hakama kuwa gwiwoyinta sun daɗe da ƙin tafiya, ta kuma ce ko da ƙafa ba ta barin rumbun gandu ba mai tsaro. Aka bar su su uku a gidan, ana cewa ai maza sun kusa.

Maza ba su zo ba. Abin da matan ba su sani ba, agana ce ta ɓarke a garin da suka je, aka hana shiga aka hana fita sai ciwon ya lafa. Ruwa kuma ya yi jinkiri a shekarar, sama ta yi fari tas, ba ko gizagizai.

Ranar da Tabawa ta karkaɗe tukunya ta ƙarshe, ta je ta durƙusa gaban surukarta ta ce, "Iya, abin da ke tukunya ya ƙare."

"Na sani."

Idon Tabawa ya tafi wajen ƙofar gida. Tsohuwa ta gani, ta daka mata tsawa. "Kul! Kada in ƙara ganin idonki a can. Ni nan na tsufa a gidan uban wannan ban san kalar cikin rumbunsa ba. Shekarar da fara ta cinye mu, ganye muka ci har haƙoranmu suka yi kore, ban taɓa tsani ba, ga ni kuma ban mutu ba. So kike ya dawo ya tarar an tona masa asiri, a ce ina zaune aka yi? So kike ya sallame ki?"

Tabawa ta sunkuyar da kai. Abin da ke bakinta shi ne 'yata tana ramewa, amma ina, 'yar fari ce, kunya ta riƙe mata harshe. Sai ta ce, "Na ga yarinyar nan taki ta faɗa ne."

"Ƙawata ce, ni na san abin da nake ba ta. Tashi ki nemo mana abin miya."

Tabawa ta shiga daji. Kullum da sassafe ta fita da ƙwarya da 'yar hauya, ta tsinko ganyen da rani ya bari, ta kakkaɓo goruba, ta roro 'ya'yan kuka. Da waɗannan suka yi wuya sai ta koma tonon gidan tururuwa. Ta haƙa, ta haƙa, tururuwa na cizonta har gwiwar hannu, ta kwaso ɗan hatsin da suka tara haɗe da ƙasa, ta zo ta sheƙe ta wanke, da ƙyar ya cika tafin hannu biyu. In ta dawo da yamma dole ta wuce ta gindin rumbun nan, inuwarsa ta rufe ta, ƙanshin gero na fitowa ta jikin laka in rana ta gasa shi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa! Takan ce a ranta, yau ni ce nake fasa rumbun tururuwa, namu yana tsaye yana kallona. Sai ta kawar da kai ta shige gida.

Abin da ta samo takan dama shi ta raba biyu, ta kai wa tsohuwa da yarinya babban rabo a akushi ɗaya, ita ta lashe abin da ya rage a tukunya. Kullum akushin yakan dawo a side, sai hankalinta ya ɗan kwanta, ta ce ai suna ci. Wata rana rana ta yi mata zafi ta dawo da wuri. Tana zuwa bayan ɗaki sai ta ji muryar tsohuwa tana cewa, "Haɗiye, ƙawata, ƙara ɗaya. Ni na ci nawa tun ɗazu kina barci." Tabawa ta leƙa ta tsagar ƙofa. Iya Hakama na ɗura wa Yalwa kunun da aka ajiye musu duka, ita kuma ta ɗaure cikinta tamau da tsohon ɗankwali, tana tsotsar ƙwallon goruba wanda babu komai a jikinsa.

Tabawa ta tsaya a bayan ɗakin nan ta yi kuka mai isarta, ba sauti. Kun san me ta yi bayan nan? Ta share ido ta koma da baya, ta yi gyaran murya daga nesa kamar yanzu ta iso, don kada tsohuwa ta ji kunyar an gan ta. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin nan raina ɓaci yake. Wannan na jin nauyin waccan, waccan na jin nauyin wanda yake can ƙetaren kogi, yunwa kuwa ba ta jin nauyin kowa, tana ta cin su. Daga ranar Tabawa ta riƙa raba akushi biyu, amma tana juya baya tsohuwa ta juye nata a na yarinya.

Haka aka yi ta yi har wata safiya Iya Hakama ta kasa tashi zaune. Yalwa kuma da take yini tana kukan yunwa ta daina kukan, ta kwanta shiru, ido a buɗe, ƙuda na sauka a bakinta ba ta korewa. Tabawa ta taɓa ta ta ji jikin ya saki. Nan fa abin da ya riƙe mata harshe shekara da shekaru ya tsinke. Ta ɗauki 'yarta ta rungume a gaban surukarta, ta ce da ƙarfi, "Iya, Yalwa za ta mutu! 'Yata za ta mutu, ga hatsi a ƙofar gida!"

Tsohuwa ta daɗe tana kallonta. Can ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Yau kin kira ta."

"Na kira ta, Iya. A kore ni in an ga dama."

Hawaye ya gangaro wa Iya Hakama ta gefen ido ya shiga kunne. Ta ce, "Na ɗauka zan iya riƙe ta da nawa rabon har su dawo. Ban iya ba. Ni da abin nan aka ɗaure ni tun ina yarinya, ko ina da ƙarfi hannuna ba zai tafi can ba. Ke tashi ki je. In ya dawo ya yi faɗa, ki ce wa Nomau ni na ce."

Tabawa ta ji sunan ya fito daga bakin da bai taɓa faɗarsa ba. Ta kwantar da yarinya ta fita.

Tsani yana can sama a reshen marke inda maza biyu suka saƙale shi, mace mai yunwa ba ta iya sauko da shi. Ko da ma yana ƙasa, ita kanta ta san ƙafarta ba za ta yarda ta taka shi ba. Sai ta koma ta ɗauko abin da hannunta ya sani, taɓaryarta. Ta tsaya a kwiɓin rumbu ta yi bisimilla ta kai masa duka daidai ƙugunta. Taɓarya ta dawo mata kamar ta daki dutse. Ta sake. Makuba ce fa, ga shekaru, ga mai dukan ba komai a cikinta. In jiri ya ɗebe ta sai ta dafa rumbun ta huta, ta sake ɗagawa. Tun hantsi take abu ɗaya har rana ta take tsaka, tafin hannunta ya fashe, sannan laka ta tsage ta rufta ciki.

Ba ta leƙa ba. Ta juyar da fuskarta gefe, ta zura hannu har kafaɗa, ta lalubo zangarniyar gero ta jawo, ta ƙara, ta ƙara, har ta cika ƙwarya. Ta sussuka, ta sheƙe, ta daka, ta hura wuta, ta dama kunu mai kauri irin wanda gidan ya manta da shi. Ta shiga ɗaki da gudunta ta durƙusa gaban tsohuwa da ludayi.

Iya Hakama ta kawar da baki ta ce, "Ba ƙawata tukuna."

Tabawa ta ɗora Yalwa a cinya ta riƙa ɗiga mata kaɗan kaɗan. Da fari kunun ya dawo ta gefen baki. Can maƙogwaro ya motsa, ta haɗiye. Ta ƙara haɗiyewa. Jim kaɗan yarinya ta ɗaga hannu ta kama ludayin da kanta, ta fashe da kuka, kukan da uwarta ba ta taɓa jin mai daɗinsa ba. Tabawa ta juya tana dariya tana hawaye ta ce, "Iya, kin ji ta? Ga naki, tashi ki sha."

Iya Hakama ba ta amsa ba. Fuskarta na wajen jikarta, amma rai ya yi halinsa. Kunun yana nan a ƙwarya yana tururi.

Allah ya kawo wasu makiyaya da suke komowa arewa da shanunsu saboda sun ji ƙanshin damina. Su suka haƙa kabari a bayan gida suka yi mata salla suka rufe ta, suka bar wa yarinya ɗan nono, suka wuce. Tabawa ta samo faifai ta rufe ramin rumbu da shi. Kullum ta zo ta juya fuska ta zura hannu ta ɗebi na yini ɗaya, ba ta ƙarawa. Yalwa ta fara zama, ta fara takawa, ta fara tambaya ina ƙawarta ta tafi.

Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, ranar Nomau da ƙannensa suka iso, sun rame sun yi baƙi, jakuna ɗauke da kaya. Na gaya muku rumbun ne abin da mai zuwa yake fara gani. Nomau ya ga jinka babu, ya ga baƙin wuta, sannan ya ga faifai a kwiɓin rumbunsa. Ya fizge faifan ya ga rami. Idonsa ya rufe.

Tabawa ta fito da ƙwaryar ruwa ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, maigida. Ga ruwa." Kun san ba a tarar matafiyi da labarin mutuwa sai ya sha ruwa ya huta, shi ya sa ba ta ce komai ba.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

"Ni ce. Sha ruwa tukuna."

"Ke? Rumbun gandu? Kika fasa shi kamar ɓarawo, duk mai wucewa ya ga cikina a buɗe? Ba na shan ruwan gidan da aka yi mini haka!" Ya fizge ƙwaryar daga hannunta ya kwarara ruwan a ƙasa, ya durƙusa ya kwaɓa laka da hannunsa, ya danƙo ya maka a gefen ramin, yatsunsa suka nutse a ciki. Ya sake danƙo wata yana huci ya ce, "In na gama toshewa ki tattara naki ya naki. Ina Iya? Tana gidan nan aka yi wannan ba ta hana ba?"

Tabawa ta miƙe tsaye. Ta ce, "Ajiye lakar nan, zo in kai ka wurinta."

Yadda ta faɗi maganar ya sa bai musa ba. Ya bi ta da lakar a hannu, ƙannensa na biye. Suka wuce tokar rumbunan zana. Suka wuce ƙofar ɗakin tsohuwa ba su shiga ba. Ta kai shi bayan gida ta tsaya gaban tudun ƙasa da aka jera wa ƙaya saboda kura.

Ta ce, "Ga ta nan. Wancan ramin da kake son toshewa, da na buɗe shi da wuri da ba a haƙa wannan ba."

Lakar ta sulale daga hannun Nomau. Ya zube a gwiwa yana salati, Jatau da Mantau suka fashe da kuka. Tabawa ta gaya musu komai tiryan tiryan, wutar, da tururuwar, da ɗankwalin da tsohuwa ta ɗaure ciki da shi. Nomau ya ɗago ido jajir ya ce, "Haba Tabawa! Me ya hana ku buɗewa tun ranar wutar? Don wa na tara shi? Don gara? Ai don ku na rufe!"

Ta ce, "Ka taɓa gaya mana haka? Na tambaye ka ranar tafiya, dariya ka yi."

Nomau ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Iya ta bar maka saƙo. Ta ce in ka yi faɗa in gaya maka ita ta ce a buɗe. Kuma ba wannan ta ce ba. Sunanka ta kira. Ni ba zan iya maimaitawa ba, amma ta kira shi sarai, da kunnena na ji."

Nomau ya ce, "Iya? Sunana?"

"Sau ɗaya."

Mutumin nan da ya sare dajin da kura ke tsoro ya kifa goshinsa a kan ƙasar kabarin ya yi kuka kamar yaron da aka yaye. Tun da aka haife shi yake jiran ya ji sunansa a bakin uwarsa, ranar da ta kira shi kuma yana ƙetaren kogi. Yalwa ce ta zo ta dafa kafaɗarsa, ya juyo ya ga wuyanta kamar sillen kara, ya gane saura ƙiris da kabari biyu zai tarar.

Iska ta fara kaɗawa, hadari ya matso. Jatau ya share ido ya ce, "Yaya, bari in ƙarasa toshe ramin can kafin ruwa ya shiga hatsi."

Nomau ya ce, "Kada ka taɓa shi. Ku yanko ciyawa a yi wa rumbun jinka, a yi wa ramin 'yar rumfa. Ba mai toshe shi, ina raye ko na mutu." Ya juya wajen matarsa, ya kasa haɗa ido da ita, ya ce, "Bakin sama nawa ne, zan rufe shi in buɗe shi yadda aka saba. Na kwiɓi naki ne, da duk matar da za ta zauna a gidan nan bayanki. Ranar da tukunya ta rasa abin dafawa, kada a jira ni, kada a jira ruwa." Sannan ya ce, "Ko akwai sauran ruwan nan?"

Tabawa ta ce, "Ka zubar." Ta tafi ta ɗebo masa wani, ya karɓa da hannu biyu ya sha.

Daga baya gandu ya yi yawa ya rabu. Jatau ya matsa yamma ya kafa unguwarsa, Mantau ya gangara bakin fadama, 'ya'yansu da jikokinsu suka yi ta sassabe har daji ya ƙare, gona ta haɗu da gona, aka haƙa rijiyoyi, kasuwa ta ci. An yi zamanin auduga, an yi na gyaɗa, an yi fari mai tsanani har ƙasashen maƙwabta suka watse. Mu ma mun ji jiki, amma ba a taɓa jin wanda ya mutu da yunwa a gindin cikakken rumbu a ƙasar nan ba, don kowane gida da ya fita daga gidan Nomau da baki biyu ya gina nasa. Yanzu kuna zuba hatsi a buhu ku jibge a ɗaki, rumbunan duk sun zube, saura wannan. Shi kam duk shekara kafin ruwa sai an taru daga ƙauyukan nan an yaɓe shi, ga su can kuna gani. Yalwar nan kuwa ita ta haifi kakar kakata. Da taɓaryar nan ba ta fasa lakar ba, da babu ni, da babu mai ba ku labari, da ku ma ɗin babu rabinku.

Shi ya sa har yau rumbun Nomau yake da baki biyu, kuma mai yaɓe yake kewaye shatin yatsun nan ba ya shafewa, don a riƙa ganin inda fushi ya tsaya. Shi ya sa in mace za ta zura hannu a ciki take juya fuska gefe, yadda Tabawa ta yi. Kuma shi ya sa a ƙasar nan, duk namijin da zai yi tafiya, ko ta kwana biyu ce, ba ya saɓa jakarsa sai ya tsaya gaban matarsa da uwarsa ya faɗa da bakinsa kowa na ji: in kun ji yunwa, ku buɗe ku ci.